A Raba Ruwan Gida da na Masana'anta Kafin a Taɓa Masu Lambun Jakara

A watan Maris, lokacin da rani ya gama ƙone ciyawar Kano, rijiyoyi suka ja baya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka, akwai zirin ƙasa guda da yake nan kore shar. Daga Nomansland zuwa Kwakwaci har a dangana da Gama, bakin kogin Jakara fangali ne bayan fangali: latas, kabeji, alayyafo, karas, lansir, albasa mai lawashi. Injin ban ruwa yana ƙugi a bakin gaɓa, tiyo yana aman baƙin ruwa mai kumfa, wanda warinsa kan tari mai wucewa tun daga kan gada. Mai lambu ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafa ba takalmi, yana fasa bakin wannan fangali da fartanya, yana toshe wancan da diddige. Abin da ya yanka da yamma, da asuba yana kasuwar 'Yankaba, kafin azahar kuma an yayyanka shi a kan garau-garau.

Duk sanda aka taso da zancen sake amfani da gurɓataccen ruwa a tarukan ƙwararru, sai a shiga ambaton Singafo da Isra'ila, kamar wani sabon ilimi ne da za a yo odarsa daga waje. Alhali Kano ta daɗe tana yi. Ruwan wanka da na wanke-wanke da na makewayi da birnin ke zubarwa, shekara da shekaru ana ɗaga shi a shayar da kayan miya, a mayar wa birnin ya ci. Tambayar ko a yi amfani da wannan ruwa ko kada a yi, masu lambu sun riga sun amsa ta da fartanyarsu. Abin da ya rage a sani shi ne me ke cikin ruwan, wa ya zuba shi, kuma a ina ya fi sauƙin tarewa.

Birnin yana zubar da ruwansa ta fuska biyu. Ta arewa akwai Jakara, wadda ta taso daga cikin badala kusa da kasuwar Kurmi, tana tafe tana karɓar lambatun unguwanni, da jini da ƙazantar mayanka, da ruwan rini, da baƙin man garejin makanikai. Can gaba ta haɗu da Getsi, wadda ta ɗebo abin da masana'antun Bompai suka sako, su zarce tare zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, inda masunta ke kama kifin da ake ci a garuruwan kewaye. Ta kudu kuwa, ruwan masana'antun Sharaɗa da na Challawa yana gangarawa ta rafin Salanta da wasu magudanai ya faɗa kogin Challawa. Shi kuma ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, yankin da manyan matatun ruwan famfon birnin suke. Daga nan ruwan ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe ta kan iyakar Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, ya doshi Tafkin Chadi. Abin da aka saki a Sharaɗa da daddare, ba a Sharaɗa yake kwana ba.

Kano ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwa na shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na gurɓataccen ruwan duniya ana sakinsa ne ba tare da an tace ba, kuma ƙasashe sun yi alkawarin rage wannan da rabi kafin 2030. A Najeriya, idan aka ɗauke wasu sassan Abuja da ke tura ruwansu matatar Wupa, da ƴan tsirarun rukunin gidaje nan da can, birane ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje. Masai ne da sokawe, sauran kuma a bi da shi ta kwata. Injiniyoyi kan lissafa cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida zai fito a gurɓace. Ke nan duk rijiyar burtsatsen da aka haƙa, duk famfon da aka ja sabuwar unguwa, ƙarin ruwa ne ga lambatu. Gwamnatoci suna gasar kai wa jama'a ruwa, wanda abin yabo ne, amma ba kasafai ake jin wata ta yi kasafin inda zai bi idan ya fito ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne kiran duk wannan da suna guda, ruwan datti. Dattin kashi biyu ne, halinsu daban, maganinsu ma daban.

Ruwan gidaje yana ɗauke da abubuwa masu rai: ƙwayoyin kwalara da taifot da atini da ciwon shawara, da ƙwayayen tsutsar ciki. Haɗarinsu ba abin wasa ba ne. A shekarar 2021 Najeriya ta samu mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Ma'aikatan lafiya sun san lambatu ba ya ɓoye sirrin gari, shi ya sa tun 2011 suke ɗibar ruwan magudanan Kano suna neman ƙwayar cutar shan inna a ciki, don su gane ko tana yawo tun kafin ta kayar da yaro. To amma mai rai yana mutuwa. Rana tana kashe shi, daɗewa a waje da jikin mutum tana kashe shi, wuta tana kashe shi. Idan ya mutu kuma, abin da ya rage a ruwan taki ne, irin sinadaran da manomi ke saye da tsada a buhun takin zamani.

Ruwan masana'anta labarinsa daban ne, kuma masana'antar fata, wadda Kano ta yi suna da ita, ta isa misali. Fatu kan iso a gishirance. A jiƙa su a wanke gishirin, a sa su cikin farar ƙasa da wani sinadari mai tuge gashi, wanda shi ke fitar da warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da mazauna kusa da masana'antun suka sani. Daga nan a zuba su cikin manyan gangunan katako masu juyawa, tare da gishirin kuromiyam, har fatar ta fito shuɗiya-shuɗiya, ba ta ƙara ruɓewa. Tan guda na ɗanyar fata yakan ci ruwa lita 30,000 ko fiye. Kuromiyam ɗin da aka zuba kuma ba duka fata ke shanyewa ba: kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita ne da ruwan gangar.

Kuromiyam ƙarfe ne. Rana ba ta kashe shi, tafasa ba ta kashe shi, shekara goma a ƙasa ba ta kashe shi. Yana kwanciya a laka, ya taru a ƙasar lambu, wani ya shiga saiwar shuka. Irin wanda ake jima da shi bai cika tsananin guba ba, amma idan aka ƙona tarkacen fatar, ko ya gamu da wasu sinadarai, yakan rikiɗe zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyayyakin bakin Jakara da Getsi da Challawa, sun kuma sha samun kuromiyam da dalma da kadmiyam, a wasu wuraren fiye da ƙa'ida. Arewa ta ga abin da ƙarfe mai guba ke iya yi a Zamfara a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. Na bakin kogi ba ya zuwa da irin wannan gaggawa. A hankali yake taruwa a ƙoda da hanta, ba amai ba gudawa, ballantana a kafa sansanin gaggawa dominsa. Ga kuma gishirin fatun, wanda ke busar da gona ta daina karɓar shuka.

Kanawan da sun san yadda ake mayar da datti dukiya. Jakuna kan shigo birni da itace da hatsi, su fita da mangala cike da toka da kashin dabbobi da sharar gida zuwa gonakin kewaye. Masanin nan Michael Mortimore ya yi nazarin wannan tsari a shekarun 1960, ya nuna yadda ya sa ake noma gona guda kowace shekara ba tare da ta gaji ba. A karofi, idan baba ya mutu, sai a kwashe abin da ya kwanta a gindin marina, a dunƙula, a shanya, a ƙona ya zama katsi. Katsin nan a haɗa shi da gashin da majema suka tuge da ruwan dafara, a sami laso, a shafe soro da shi ruwan sama ya kasa ratsawa. Majemin gargajiya kuwa da bagaruwa yake jima. Tsarin ya yi aiki domin duk abin da ke cikinsa daga ƙasa ya fito, kuma ƙasa tana iya cinye shi. Mai lambun Jakara magajin waɗancan masu jakuna ne. Dabararsa ba ta sauya ba, abin da ake zubo masa daga sama ne ya sauya.

Shi ya sa shawarar a kori masu lambu, wadda kan taso duk lokacin da annoba ta ɓarke, ba za ta kai ko'ina ba. Damina a Kano wata huɗu ce zuwa biyar. Sauran watannin, Jakara ba ta ƙafewa, ruwanta kyauta ne, takinta a ciki, kasuwa kuma ga ta nan kusa. Mutumin da ke ciyar da iyali da fangali ashirin, idan aka tashe shi daga Kwakwaci, gaba kaɗan zai matsa ya kafa injinsa inda jami'i ba ya zuwa. Ba shi ya zuba gubar ba, shi ne ma na farko da take taɓawa, domin shi ke wuni a tsaye cikinta. Hukunta shi a bar mai bututun da ke sama, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Labarin wasu garuruwa yana nuna darajar raba ruwan gida da na masana'anta. Windhoek, babban birnin Namibiya, ruwan saman da yake samu bai kai rabin na Kano ba, kuma babu kogi mai gudana kusa da shi. Tun 1968 birnin ke tace ruwan gidaje a matatar Goreangab ya mayar da shi famfo mutane su sha, shi ne na farko a duniya da ya yi haka. A 2002 aka buɗe sabuwar matata mai iya fitar da lita miliyan 21 a rana. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙa'idar da aka gina aikin a kanta: ruwan masana'antu ba ya shiga wannan layi ko kaɗan. An ware masa bututunsa da matatarsa daban, abin da ya fito daga can kuma ba ya zuwa bakin kowa.

A gabashin Kolkata ta Indiya akwai fadama mai faɗin hekta 12,500, wadda ta shiga jerin fadamun duniya masu kariya a 2002. Ruwan ƙazantar birnin ana sako shi ne cikin ɗaruruwan tafkunan kifi marasa zurfi. Rana da gansakuka su tace shi, kifi ya ci gansakukar, ruwan da ya fita a shayar da shinkafa da kayan lambu. Dubban tan na kifi ke fita daga nan kowace shekara zuwa kasuwannin birnin. Masunta da manoma ne suka ƙago tsarin, injiniya Dhrubajyoti Ghosh ya zo daga baya ya fahimtar da hukuma darajarsa. Babbar barazanar da ya fuskanta kuwa ita ce majemun da ke cikin gari, har sai da Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni a 1996 a kwashe su zuwa wani rukuni na daban a Bantala.

Misali na uku ya fi kusa, kuma gargaɗi ne. A Kossodo da ke gefen Wagadugu, Burkina Faso ta gina tafkunan tace ruwa, ta yanka wa masu lambu filaye a ƙasansu don su yi noma da ruwan da aka tace. Sai dai mafi yawan ruwan da ke shiga tafkunan daga masana'antu yake zuwa, ɗauke da sinadarai masu gishiri. Tafki yana kashe ƙwayar cuta amma ba ya cire gishiri. Cikin ƴan shekaru ƙasar filayen ta taurare, amfani ya ragu. An kashe kuɗi an gina abu mai kyau, rashin tare matsalar a ƙofar masana'anta ya rage masa albarka.

Aikin Kano na farko ke nan: a tare kuromiyam tun bai bar harabar masana'anta ba. A can yana da kauri, a cikin ruwa kaɗan, cire shi ba wuya. Ana ja wa gangar jima bututunta daban zuwa tanki, a zuba garin magnesiyam, a bari ya kwana. Kuromiyam ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da abin da ya kwanta da asid, a mayar da shi ganga a yi jimar gobe da shi. Sinadarin da ake shigo da shi da dala ne ake ceto daga lambatu, don haka na'urar tana mayar da kuɗinta. Amma da zarar an bar ruwan ya gauraya da miliyoyin litar ruwan gari, cire shi ya zama aikin da babu gwamnatin jihar da za ta iya ɗauka.

Doka ma ba ita ta yi ƙaranci ba. Bayan da aka gano sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988, Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1991 kuma ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta saka. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2009 aka yi wa masana'antun saƙa da fata da takalma ƙa'idoji nasu na musamman. Duk suna nan a rubuce. Launin ruwan Salanta da na Getsi shi ke nuna iyakar inda aiki da su ya tsaya.

Masu masana'antu suna da tasu hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Da yawa daga kamfanonin Bompai da Sharaɗa sun rufe, waɗanda suka rage suna fama da rashin wuta da tsadar dizal, kuma kowannensu yana riƙe da ma'aikatan da ke ciyar da gidaje. Ba wanda zai so a ƙara musu nauyin da zai durƙusar da su. Amsar ita ce a raba nauyin: kowane kamfani ya ceto kuromiyam ɗinsa a gida, sauran ruwan kuma a haɗa shi a matata guda ta rukunin, kowa ya biya gwargwadon abin da ya zubo. Haka Indiya ta yi a jihar Tamil Nadu bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1996 kan majemun da suka lalata kogin Palar, hukuncin da ya tabbatar da cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. Bangaladash kuwa ta yi abin a baibai. A 2017 ta kwashe majemun Hazaribagh daga birnin Dhaka zuwa Savar alhali matatar da aka yi musu ba ta kammalu yadda ya kamata ba, sai gubar ta bar kogin Buriganga ta koma Dhaleshwari. An gudu ba a tsira ba. Manyan masu sayen fata na Turai, waɗanda yanzu ke neman shaidar kula da muhalli kafin su yi ciniki, suka ja baya, fatar ƙasar ta koma ana sayar da ita da arha. Kano da ke neman kasuwar waje ga fatar jar akuya, wadda duniya ta san ingancinta tun zamanin ayarin Sahara, tana da darasi a nan: matata tana cikin jarin sana'ar.

Aiki na biyu shi ne ruwan gidaje, kuma a nan zafin ranar da ake kuka da shi ya zama gata. Ba a buƙatar irin matatun Turai masu cin wutar lantarki dare da rana, waɗanda kan tsaya cik ranar da wani ƙarfe ya lalace babu madadinsa. Tafkuna uku ake haƙawa a jere. Na farko mai zurfi, mita uku ko fiye, inda ƙazanta ke kwanciya kamar yadda ƙullun kamu ke kwanciya a gindin roba ruwa ya taso sama, ƙwayayen tsutsar ciki ma su nutse tare da ita. Na biyu mai faɗi, zurfinsa bai wuce mita biyu ba, inda gansakuka ke ba da iskar da ƙananan halittu ke buƙata don cinye sauran dattin. Na uku mai zurfin kamar mita guda, inda hasken rana ke ratsawa ya ƙarasa ƙwayoyin cuta. Cikin mako biyu zuwa uku ruwan da ya shiga baƙi zai fito kore-kore, ba wari, ya dace da ban ruwa, takinsa kuma yana nan. Abin da tsarin ke ci shi ne fili, da ƴan ma'aikata masu cire leda da yanke ciyawa, da yashe tafkin farko bayan ƴan shekaru.

Filin nan shi ne abin da ke neman kuɓucewa. Kududdufan cikin gari, waɗanda a da ke riƙe ruwan sama, an cike mafi yawansu da shara an yi gini a kai. Gonakin da ke tsakanin Gama da Wasai ma awon igiya yana cin su kullum. Aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kanta, wanda aka fi sani da Wuju-Wuju, da aka faro a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, yana da amfaninsa wajen rage wari da ambaliya da faɗawar yara. Amma rufi ba tacewa ba ne, ruwan da ya shiga a Kurmi haka zai fito a ɗaya bakin. Fa'idarsa ita ce ya tattara ruwan a hanya guda, wadda za a iya karkatarwa cikin tafkuna idan an tanadi wurinsu.

Haka batun motocin yashe masai. Yau direba inda ya samu yake juyewa, ko a rafi, ko a kangon fili, ko a gonar manomin da ya roƙa. Da an ware musu wuraren juyewa masu daɓen yashi da tsakuwa, inda ruwan zai tsiyaye, kaurin ya bushe a rana, a haɗa shi da sharar kasuwa ya ruɓe tsawon watanni har zafinsa ya kashe ƙwayayen tsutsa, da an sami taki mai tsabta na sayarwa. Ghana ta buɗe irin wannan masana'anta a Tema a 2017, domin fitar da taki a buhu mai suna Fortifer.

Akwai masu ƙyanƙyami ta fuskar addini, kuma tambayarsu tana kan hanya. Ɗaliban fiƙihun Malikiyya sun san ana duba ruwa ne ta launi da ɗanɗano da ƙamshi. Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta duba wannan mas'ala a 1978, ta yanke cewa ruwan ƙazanta idan aka tace shi har ya koma asalinsa, babu sauran alamar najasa a launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, to ya tsarkaka, ta kuma gindaya sharaɗin kada shansa ya cutar da lafiya. Sharaɗin nan shi ne wurin da malami ke buƙatar mai ɗakin gwaji, domin ruwa yana iya fitowa garau alhali da dalma a ciki. Limamai suna da rawar takawa a nan, su tunatar da masu zuba guba a kogi cewa cutar da maƙwabci ba ta halatta ko da maƙwabcin yana Haɗeja.

Kafin a haƙa tafki ko ɗaya, akwai abin da za a fara gobe. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta karɓi gaskiyar cewa ƙasashe matalauta ba za su jira matata ba, ta ce a jera shingaye da yawa tsakanin lambatu da baki. Cibiyar binciken ruwa ta IWMI ta gwada wannan da manoman Kumasi da Accra da Tamale. Mai lambu ya haƙa ɗan rami ruwan ya kwana kafin ya ɗiba, kada ya tayar da lakar ƙasa. Ya ba da ruwa ta gindin shuka maimakon watsawa a kan ganye. Ya dakatar da ban ruwa kwana biyu zuwa huɗu kafin yanka, idan shukar za ta jure. Ya sa takalmin roba, a ba shi da iyalansa maganin tsutsar ciki lokaci-lokaci. Ɗan kasuwa ya daina tsoma latas ɗin yini guda a bokiti ɗaya. Uwargida ta cire ganyen waje, ta wanke da ruwa mai gudana, ta jiƙa a ruwan kal na ƴan mintuna, domin ɗan gishirin da aka saba barbaɗawa bai isa ba. Wurin da awo ya nuna ƙarfe ya yi yawa a ƙasa, a taimaka wa masu shi su koma renon dashen itatuwa da furanni. Duk waɗannan suna rage ƙwayar cuta sosai. Ko ɗaya a cikinsu ba ya cire kuromiyam ɗin da ya riga ya shiga jikin ganye.

Saboda haka jerin aikin a bayyane yake. Gwamnatin jiha ta killace fili a ƙasan mahaɗar Jakara da Getsi da kuma bakin Salanta, ta buga shi a gazet tun masu awon igiya ba su kai can ba. NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha su ba kowace masana'antar fata wa'adin kafa tankin ceto kuromiyam, tare da rance mai sauƙi ga ƙanana, su kuma riƙa ɗibar ruwa a bakin bututu da daddare, lokacin da aka fi sakinsa. A ba jami'o'in Kano kwangilar auna ruwan Wasai da Getsi da Salanta da Tamburawa kowane wata, a karanta sakamakon a gidajen rediyo da Hausa, da sunan wurin da adadin da aka samu. A kuma sa shugabannin masu lambu da sarakunan ruwa na Wasai cikin kwamitin da zai sa ido, domin su ne ke fara ganin ranar da ruwan ya sauya launi, su ne kuma za su iya faɗin ta wace magudana ya biyo.